Tabaran gani cikin duhu: ya tsaya a garke

A Korahane, gundumar Dakoro ta jihar Maradi, dabba ita ce dukiya, ɓarawonta kuwa dare yake jira. Ba mamaki idan matasa suka yi sha'awar haɗa tabaran gani cikin duhu. Ana cire matatar da ke tare hasken infirared daga tsohuwar kyamara, a sa mata fitilu irin na bakin rimot, sai allo ya nuna abin da ido ba ya gani.

Sai dai ba ya hangen nesa, kuma duk mai irin wannan kyamara zai hango fitilar kamar tocila. Saboda haka a kafa shi ya yi gadin garke, 'yan uwa na ƙetare su taimaka da batir da sola. Bin ɓarayi daji da shi sayar da rai ne.