Malami Ɗaya, Yara Ɗari: Inda Zaftare Kuɗin Ilimi Yake Sauka

Idan hukuma ta zaftare kuɗin ilimi, ba kasafai ake rufe makaranta ba. Ana buga ƙararrawa, yara suna rera taken ƙasa kamar kullum. Ɓarnar a ɓoye take tafiya: malami ya yi ritaya ko ya rasu, ba a ɗauki madadinsa ba, iska ta yaye rufin aji, ba a gyara ba. Daga nan sai hedimasta ya haɗe aji biyu ya damƙa wa mutum guda.

Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Mu da 'ya'yanmu suke makarantun gwamnati mun san cewa ajin da ya haura yara ɗari ya daina ba kowa mamaki. To, mu yi lissafi. A darasin minti 35, idan yara 35 ne, kowa yana da minti guda na hankalin malami. Idan suka kai 105, rabon kowa daƙiƙa 20 ne, kafin a cire lokacin kiran suna da tsawatar da masu surutu.

Karatu kuwa ba ya samuwa sai an saurari yaro. Ko a makarantar allo, sai almajiri ya zo gaban malam ya biya, an gyara masa, kafin a ce ya wanke. A cunkusasshen aji babu wannan. Malam ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, na baya yana motsa baki kawai. Haka zai yi ta haurawa har aji shida bai iya haɗa baƙi ba, iyayensa suna zaton yana karatu.

An gwada wannan a jihar Tenesi ta Amurka daga 1985 zuwa 1989. An raba ƙananan yara tsakanin azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25. Na ƙananan azuzuwan sun fi ƙwazo a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa galihu ne suka fi cin ribar. Abin lura, ajin da suke kira babba a can ko mizaninmu na 35 bai kai ba.

Wani zai ce ai alƙaluman kasafi ƙaruwa suke yi kowace shekara. Gaskiya ne, amma tun daga cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, buhun siminti da bencin zama sun yi tashin gwauron zabi. Ƙarin da bai kamo tsadar kaya ba ragi ne. Sannan kashi 2 cikin 100 da dokar 2004 ta ware wa hukumar UBEC yawanci gine-gine da kayan aiki yake tafiya, shi ma sai jiha ta ajiye nata kason. Albashin malaman firamare daga kuɗin ƙananan hukumomi yake fita, kuma nan ne wuƙar take fara sauka, domin sabon gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, ɗaukar malami kuwa nauyi ne na kowane wata.

Don haka muna kira ga majalisun jihohi, idan kwamishinan ilimi ya zo kare kasafi, su nemi alƙaluma biyu a rubuce: malamai nawa suka bar aiki bara, nawa aka ɗauka. Su kuma kwamitocin iyaye su ƙirga yaran aji ɗaya zuwa uku, su kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarsu.