Ƙungiyar Lauyoyi: Uwa Ce Ko Alƙali?

A ƙasar Ingila an raba aikin lauya gida biyu. Akwai wanda yake tsayawa gaban manyan kotuna yana kare mai ƙara ko wanda ake ƙara, wato barista. Akwai kuma wanda yake zaune a ofis yana rubuta wasiyya da takardun cinikin gida da na kamfani, yana kuma riƙe kuɗin mutane amana har a ƙulla ciniki. Wannan na biyu shi ake kira solisita, kuma a kan ƙungiyarsa nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Ra'ayina shi ne, ƙungiyar da ta ɗauki nauyin kare 'ya'yanta bai kamata a ce ita ce za ta zauna ta hukunta su ba in sun ci amanar jama'a.

An kafa wannan ƙungiya, wato Law Society, a birnin Landan cikin shekarar 1825. Ayyukan da ta daɗe tana yi ba su da armashi ga mai kallo daga nesa: ajiye rajistar sunayen lauyoyi, ba da takardar izinin aiki ta shekara-shekara, karɓar kuɗin wannan takarda, zaman majalisa da na kwamitoci, da zaɓen shugaba wanda wa'adinsa shekara ɗaya ce rak. To, amma a cikin waɗannan ƙananan ayyuka amanar talaka take kwance. Alal misali, dokar 1933 ce ta sa aka tsara ƙa'idar da ta wajabta wa lauya ya ajiye kuɗin mutane a asusun banki na dabam, kada ya gauraya su da nasa. Dokar 1941 kuwa ita ta kawo asusun diyya, wanda lauyoyi suke zuba wa kuɗi domin a biya wanda wani daga cikinsu ya cuta.

Sai dai akwai ƙura a cikin wannan tsari. Ƙungiyar da take karɓar kuɗin lauya, take yi masa magana a gaban gwamnati, ita ce kuma mai sauraron kukan wanda lauyan ya zalunta. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shekara da shekaru jama'ar Ingila suna kuka da jinkirin da ake yi wa ƙorafinsu, har gwamnati ta sa Sa David Clementi ya bincika al'amarin. A rahotonsa na Disamba 2004 ya ba da shawarar a raba aikin wakilci da na tsawatarwa. A Janairu 2007 aka kafa hukumar sa ido kan solisitoci, wadda ake taƙaita sunanta da SRA, kuma a yau yawancin mambobin majalisarta ba lauyoyi ba ne. A 2010 aka buɗe ofishi na musamman mai karɓar koken jama'a. Ita kuwa uwar ƙungiya sai ta koma ga wakiltar 'ya'yanta.

Masu adawa da wannan rabo suna da hujja wadda ba a raina ta ba. Sun ce lauya shi ne mai tsayawa tsakanin talaka da hukuma, in aka ɗauke ladabtar da shi daga hannun 'yan'uwansa, wata rana gwamnati za ta yi amfani da wannan sanda ta bugi duk lauyan da ya dame ta. Lalle wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne a ba da aikin ga hukuma mai zaman kanta, wadda ba ta ƙarƙashin minista, ba ta kuma jiran ƙuri'ar waɗanda take bincika. Haka nan rabon kaɗai ba ya hana ɓarna. A 2023 kamfanin lauyoyi na Axiom Ince ya rushe, fiye da fam miliyan 60 na mutane suka salwanta, kuma binciken da aka buga a 2024 ya zargi SRA da rashin ɗaukar matakin da ya dace a kan lokaci. Amma mai karatu ya lura, an sami wata hukuma a samanta wadda ta tona asirin sakacin, aka kuma bayyana shi ga kowa.

Mu a Nijeriya abin ya shafe mu kai tsaye, domin duk lauyan da aka rubuta sunansa a Kotun Ƙoli barista ne kuma solisita a lokaci guda. Ladabtar da shi yana hannun wani kwamiti wanda mambobinsa alƙalai ne da antoni-janar da lauyoyi, wato duk 'yan gida ɗaya. Mun kuma ga abin da rikicin shugabanci yake jawowa: taron Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya na Fatakwal ya watse a 1992 saboda rigimar zaɓe, ƙungiyar ta zauna ba shugabanni na ƙasa har 1998, a daidai lokacin da mulkin soja ya fi tsanani.

Saboda haka shawarata biyu ce. Ta farko, a sa mutanen kirki waɗanda ba lauyoyi ba a cikin kwamitin ladabtarwa, domin matar da aka cinye wa kuɗin gadon marayunta ta ga akwai irinta a kan kujera. Ta biyu, a riƙa bincika asusun amanar lauyoyi a kai a kai, a kuma buga hukuncin kwamitin cikin harsunan da jama'a suke ji, har da Hausa. Nan ne aiki ya faɗo kanmu, mu ɗaliban wannan sashe, domin fassara irin wannan tana bukatar wanda ya san harshen, ya kuma fahimci yadda waɗannan ƙungiyoyi suke tafiyar da al'amuransu.