Waƙar Farko Ba Abar Yarwa Ba Ce: Saƙo Ga Matasan Damri, Bakura Da Maradun

Ɗauki wayarka ka leƙa wurin da waƙoƙi suke. Nawa ne a ciki waɗanda ba ka san wanda ya rera su ba? Wani ne ya turo maka ta WhatsApp, shi ma wani ya tura masa ta Xender a tashar mota, sunan waƙar kuma lambobi ne kawai. Ka ji ta yi daɗi, ka ɗora a sitatus, bayan mako biyu waya ta cika ka goge. Shi kuwa yaron da ya kwana uku yana haɗa ta, ko sunansa babu wanda ya ji.

Wannan shafi na ganin asara muke tafkawa a nan, kuma babba. Naɗin farko na matashin makaɗi shi ne jarinsa, ko da murya na rawa, ko da ana jin kukan akuya daga bayan gida. Idan kana ganin zuzutawa ce, saurari labarin wani kundin waƙoƙi da aka naɗa a Sakkwato, birnin da titinsa ya ratso ta Talata Mafara ya nufi Gusau.

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da Mdou Moctar, ya tsallako iyaka ya shiga wani situdiyo a Sakkwato. Gidansu ba su so ya yi kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya tarar da salon da ke tashe a lokacin, wato kiɗan fiyano na waƙoƙin finafinan Hausa da muryar da na'ura ke lanƙwasawa. Bai raina ba. Ya ɗora jitarsa da harshensa na Tamashek a kan wannan salo, aka samu kundin da ya kira Anar.

Babu kamfanin da ya fitar da Anar a lokacin. Ta waya ya yaɗu, daga memori zuwa memori, ta Bluetooth, har ya kai Kidal a arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya daga cikin waƙoƙin, "Tahoultine", lokacin da yake tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, da waƙar a ciki. Sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano masu waƙoƙin, saboda yawancinsu haka suke yawo babu cikakken bayani. Ka tuna da wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Tchintabaraden. A 2014 aka buga Anar a faifai. A 2015 Mdou ya fito a fim ɗin da aka shirya a Agadas bisa tsarin Purple Rain na mawaƙi Prince. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda ya naɗa tare da cikakkiyar ƙungiya a Detroit ta Amurka, sai Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador na New York, sai Funeral for Justice a 2024. A lokacin mutum huɗu ne: shi da jitarsa ta bahago, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke, a jitar bas. Kiɗan rok suke yi mai zafi, waƙa kan yi minti bakwai, ta fara a hankali sannan ta riƙa ƙara gudu har sai ka ji kamar ƙura ta tashi.

To, ina ruwan ɗan Damri da wannan? Ruwansa biyu.

Na farko, abin da Turawa ke yabawa a irin wannan kiɗa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Akwai wani reshe na rok da ya yi tashe a Ingila da Italiya a farkon shekarun 1970, wanda ba ya yarda da gajeriyar waƙa mai amshi ɗaya. Waƙa ce doguwa, mai gaɓoɓi, kiɗa na sauya taku a tsakiya, kowane makaɗi na nuna gwanintarsa. Ƙungiyar PFM ta birnin Milan ta fitar da kundinta na farko, Storia di un minuto, a 1972, da harshen Italiyanci, ta cusa sarewa da gogen Turawa a cikin jita da ganga, kuma har yau ana sake buga shi. Yanzu ka koma ka saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda sunansa ya haɗu da Maradun, ya rasu a 1991. Ka ji yadda kotso ke magana, yadda jagora ke jefa baiti 'yan amshi su cafe, su ƙara, su miƙa wa juna kafin su dire tare. Ka saurari Sa'idu Faru, shi ma ɗan ƙasar Maradun. Wallahi wannan aikin ƙungiya ne na ƙwararru, mai tsari, wanda ba a koyonsa a kwana ɗaya. Abin da wasu suka je makaranta suka koyo, ku a gida kuka gada.

Kuma an riga an gwada haɗa wannan gado da jitar lantarki. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, yake jagoranta, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da kalangu a tsakiyar jitoci. Sun daɗe suna kiɗan biki suna sayar da faifansu a titunan Yamai kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na biyu, kuma shi ne mai ciwo: a Sakkwato aka naɗa Anar, amma wanda ya adana shi, ya sa masa suna, ya kai shi kasuwar duniya, daga Amurka ya zo. Ba laifinsa ba ne, aikin da muka bari ya yi. Tambayar ita ce, waƙoƙi nawa masu kyau irin wannan aka naɗa a Sakkwato da Gusau da Mafara tun daga 2008 suka mutu tare da wayar da ta faɗa ruwa, ko kwamfutar situdiyo da aka goge? Muna jin Ɗanƙwairo a yau ne saboda gidajen rediyo da masu kaset sun naɗa sun ajiye, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma suka bi suka rubuta tarihin makaɗan. Ku fa, wa ke ajiye naku?

Mun san abin da wani zai ce: ana ta kai wa ke ta kaya? Gaskiya ne. Mutanen Damri ba su manta da harin watan Mayun 2022 ba, wanda 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a garin da ƙauyukan kusa. Manomi na tsoron gonarsa, ɗan kasuwa na tsoron hanya. Ba mu ce kiɗa zai kori ɗan bindiga ba. Amma ka lura, duk wanda ya nemi sunan garinku a intanet yau, labarin gawa zai fara gani. Idan ba ku naɗi muryarku ba, wannan ne kaɗai abin da duniya za ta sani game da ku. Mdou ya yi waƙa a kan yadda ake kwasar arzikin ƙasarsa, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamashek suka nemi fassara. Mai waƙar noma daga bakin madatsar Bakolori shi ma yana da abin faɗa.

Wani kuma zai ce iyaye ba za su yarda ba, kiɗa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce. Wannan magana ce tsakaninka da iyayenka da malamanka, kuma ba mu ce kowa ya saɓa wa na gaba da shi ba. Abin da muka sani shi ne, abin da ka rera shi ke ɗaga ka ko ya zubar da kai. Mai zagi da batsa don neman mabiya a TikTok ya zaɓi hanyarsa. Mai waƙar da kakarsa za ta iya saurara ba ta toshe kunne ba, shi ma ya zaɓi tasa.

Idan kana da ƙungiya, ko kuna shirin haɗawa, ga abin da muke ba ku shawara.

Ku yi kiɗa tare, da hannu. Mai kalangu, mai gurmi ko kuntigi, mai jita in akwai, da 'yan amshi biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kiɗan kwamfuta na da amfaninsa, Anar ma da shi aka yi, amma abin da ya kai Mdou manyan dandamali shi ne mutane huɗu da suka san numfashin juna.

Kada ku jira situdiyo mai tsada. A 2020 Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙin da makaɗa suka naɗa da wayar hannu suka aika ta WhatsApp, aka sayar a Bandcamp, kuma ƙungiyar Etran de L'Aïr, makaɗan biki daga Agadas, ita ta buɗe jerin. Ku samu ɗaki mai katifa da labule don sauti kada ya yi amsa-kuwwa, ku nisanci janareta, ku rufe layin waya kada kira ya katse ku, ku matsar da ganga baya, murya kusa.

Ku sa suna. Kafin a fara kiɗa, wani ya faɗi sunan ƙungiya, sunan waƙa, gari da kwanan wata. A rubuta haka a sunan fayil ɗin, har da lambar da za a same ku. Ka tuna wahalar da Kirkley ya sha wajen cigiya? Ba kowa ke da wannan haƙurin ba.

Ku ajiye a wuri uku: memori ɗaya da ba a taɓawa, Google Drive, da YouTube ko Audiomack. Kun ga abin da ya faru a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Wanda ya dogara da intanet kaɗai ya zauna hannu rabbana, wanda ya dogara da waya kaɗai kuma ranar da aka sace ta ya yi sallama da aikinsa.

Ku rubuta yarjejeniya tun babu kuɗi. Wa ya tsara waƙa, wa ya yi kiɗa, kashi nawa kowa zai samu. Takarda ɗaya da shaidu biyu ta isa. Ƙungiyoyi da yawa ba talauci ke raba su ba, kuɗin farko ne.

Ke kuma da kai da ba ku kiɗa, sauraro kawai kuke yi, aikinku ya fi sauƙi. In waƙar ɗan garinku ta burge ku, kada ku yanke sunansa ku ɗora hotonku. Ku rubuta sunansa, ku tura mahaɗin shafinsa maimakon fayil tsirara, in da hali ku saka masa katin ɗari biyar. In kuna da tsohon kaset na wani makaɗin ƙauyenku a akwatin baba, ku nemi izini ku juye shi a waya kafin zaren ya tsinke.

Ranar Talata mai zuwa, in Allah ya kai mu, kasuwar Mafara za ta ci, masu tura waƙa a memori za su baza kwamfutocinsu. Ka je ka tambaye su waƙar wani yaro ɗan Bakura ko Maradun ko Damri. In sun ba ka, ka tambayi sunansa. In ba su sani ba, to daga nan aikinka ya fara.