Kiɗan Tekno: A Saurara Kafin A Yanke Hukunci

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani kiɗa da ake kira tekno wanda da wuya a ambaci sunansa a cikinmu ba a ga wani ya yatsine fuska ba. Laifuffuka uku ake ɗora masa: wai ƙarar inji ce kurum, wai kayan Turawa ne, wai kuma kiɗan 'yan ƙwaya ne. Mu dai muna ganin ya kamata a auna kowace tuhuma da ma'aunin adalci.

Mu fara da asalinsa. An haifi tekno a yankin Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, a farkon shekarun 1980, lokacin da masana'antu ke sallamar ma'aikata, birnin kuma yana ta raguwa daga mutum miliyan 1.8 a 1950 zuwa kimanin miliyan 1.2 a 1980. Waɗanda suka kafa shi kuwa samari ne uku baƙar fata da suka haɗu a makarantar sakandare ta Belleville, watau Juan Atkins, Derrick May da Kevin Saunderson. Sun tashi suna jin kiɗan Parliament na baƙaƙen Amurka da na Kraftwerk na Jamus a rediyo, sa'an nan suka gauraya su da na'urorin buga ganga irin su Roland TR-808 da TR-909. Atkins ya kafa kamfaninsa na faifai, Metroplex, a 1985. May ya fitar da “Strings of Life” a 1987. Sai a 1988 wani kundi da aka buga a Ingila ya yaɗa sunan tekno a Turai. Da bangon Berlin ya faɗi a 1989, matasan gabas da yamma suka rungume shi, har duniya ta ɗauka nasu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

To, batun ƙarar inji fa? Lalle tekno yana tafiya ne a kan bugu huɗu madaidaita da ke maimaituwa, sau 120 zuwa 150 a minti, kuma sau da yawa babu waƙa a cikinsa. Amma gwanintar tana cikin abin da ake ɗorawa a kan wannan ginshiƙi: a shigo da sauti ɗaya, a janye wani, a kaifafa wannan, a dusashe wancan, har mai sauraro ya farga cewa kiɗan ya sauya ba tare da ya san inda ya juya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗan kalangu ya san cewa maimaici shi ne gadon bayan kiɗan rawa, kuma ba kunnenmu ne zai raina shi ba. Na'ura ma ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu, domin tun a 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki a Yamai. Inji kayan aiki ne kamar kurya da gurmi. Hannun da ya riƙe shi ake tambaya.

Tuhuma ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Gaskiya ne ƙwayar ecstasy ta bi tarukan rawar dare a Turai tun ƙarshen shekarun 1980, ta kuma ci rayuka. Gaskiya ne a 2010 mutum 21 sun mutu a turmutsitsin bikin Love Parade a Duisburg. Waɗannan abubuwa ne da kowane mai hankali zai yi tir da su. Sai dai ƙwaya aikin dillali ce, turmutsitsi kuma sakacin masu shirya taro ne. Majalisar Birtaniya ta haɗa su duka ta yi musu kuɗin goro a dokarta ta 1994, wadda ta ba 'yan sanda ikon watsa taron dare a fili inda ake kaɗa kiɗa mai bugu na maimaici. Shekara talatin bayan haka, a 2024, Jamus ta sa al'adar tekno ta Berlin cikin jerin kayan gadonta na ƙasa. Kiɗan bai canja hali ba a tsakanin nan. Masu hukunci ne suka canja.

Mu da muka san yadda ake yaba waƙar makaɗi a raina makaɗin, bai dace mu maimaita wannan zalunci ba. Wanda bai ga kiɗan ya dace da shi ba yana da 'yancin barinsa. Abin da muke roƙo shi ne kada a kira ɗan'uwa ɗan iska don abin da ke cikin kunnensa, kuma idan an ambaci tekno a tuna da samarin Detroit da suka ƙirƙiro shi.