Daga Besti Zuwa Masoyi: Waye Yake Biyan Kuɗin Nauyin Bakinsu?

Duk wanda yake bibiyar harkar fim a 'yan shekarun nan zai lura cewa labarin aminai biyu, mace da namiji, da suke rikiɗewa su zama masoya ya dawo da ƙarfinsa. A 2024 Netflix ta saki zango na uku na Bridgerton, wanda gaba ɗayansa a kan Colin da Penelope ne, abokai tun suna yara. A shekarar dai Koriya ta Kudu ta fitar da Love Next Door mai kashi 16, labarin maƙwabta biyu da suka tashi tare, iyayensu mata ƙawaye ne. A Indiya kuma an mayar da Kal Ho Naa Ho gidajen silima a watan Nuwamba 2024, aka biyo da Yeh Jawaani Hai Deewani a Janairun 2025, kuma mutane suka fita kallo kamar sababbi.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Guntayen waɗannan finafinai sun cika TikTok, kuma kalmar "besti" ta zauna daram a bakin samari da 'yan mata. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu dubi irin wannan labari da kyau, domin akwai wani mutum guda a cikinsa da kullum muke mantawa da shi.

Me ya sa labarin yake shiga rai?

Dalilin farko mai sauƙi ne. A fim ɗin soyayya na yau da kullum, jarumi yana hango jaruma a tashar jirgi, iska ta kaɗa gashinta, shi ke nan an kamu. Dole mai kallo ya yarda kawai. A fim ɗin aminai kuwa an riga an nuna maka hujja. Ta san abin da yake ɓata masa rai, ya san abincin da ba ta ci, sun ga juna a ranar da babu kwalliya babu ƙarya. Kai mai kallo ka riga su gane suna son juna, sai ka zauna kana cizon yatsa kana jiran ranar da za su farga. Wannan jiran shi ne daɗin fim ɗin, kuma daga nan barkwancin yake fitowa: kowa a gari ya gane sai su biyun.

Dalili na biyu shi ne zamanin da muke ciki. Yanzu soyayya da yawa a waya take farawa, da hoton da aka tace da kalaman da aka kwafo. Matashin da ya gaji da wannan, idan ya ga labarin wadda ta san ka ciki da bai kuma ta zaɓe ka a hakan, dole ya ji wani sanyi. Sannan finafinai masu dogon zango sun dace da labarin sosai, tunda ana iya jan "zai faɗa ko ba zai faɗa ba" har kashi goma sha.

Amma fa marubuci yana da matsala guda. Idan mutum biyu sun dace, suna tare kullum, babu mai hana su, to ina labarin? Minti goma ya isa a gama fim. Saboda haka dole a samo abin da zai riƙe su, kuma kusan kullum abu ɗaya ne: nauyin baki. Ɗaya ya kasa faɗa, ɗayan ya kasa ganewa. Daga nan sai a shigo da mutum na uku domin kishi ya buɗe musu ido.

Aman, bawan Allah

Mu ɗauki uban tafiyar a wajenmu, Kuch Kuch Hota Hai na Karan Johar, 1998. Rahul da Anjali aminai ne a kwaleji. Tina ta zo, Rahul ya faɗa sonta, Anjali ta haɗiye nata son ta hau jirgin ƙasa ta tafi. Tina ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa 'yarta wasiƙu takwas, ta takwas ɗin tana roƙonta ta haɗa babanta da Anjali. Duk mun yi kuka a nan, babu musu.

To amma a tuna da Aman, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa. Mene ne laifinsa? Ya ga yarinya, ya so ta, ya bi ta ƙofar gida, an yi baiko, an sa rana. Bai ɓoye komai ba. A ranar ɗaurin aure, gida cike da baƙi, shi ne ya kama hannun amaryarsa ya miƙa wa wani. Kiɗa ya tashi, mu kuma muka share hawaye muka ce fim ya yi kyau. Ko minti ɗaya ba a ba mu ba na ganin yadda Aman ya koma gida a daren nan, da abin da ya faɗa wa danginsa.

Ga kuma wani abu da 'yan mata suka daɗe suna ƙorafi a kai. Lokacin da Anjali take da gajeren gashi tana doke Rahul a ƙwallon kwando, ko kallon mace bai yi mata ba. Sai bayan shekara takwas, da ta tara gashi ta ɗaura sari ta koma mai sanyin murya, sannan ya gan ta. Shi kansa Karan Johar ya sha amincewa a hirarraki cewa yadda fim ɗin ya ɗauki mace akwai gyara. Kenan abotar da Rahul ya tsaya a aji yana cewa ita ce soyayya, ita kaɗai ba ta ishe shi ba.

Dabarar ɓata kishiya

Masu shirya fim sun san mai kallo zai iya jin tausayin na ukun, don haka suka samo dabara: a mayar da shi mugu. A Jaane Tu... Ya Jaane Na na 2008, wanda Imran Khan da Genelia suka ja, Jai da Aditi sun rantse su abokai ne kawai, har kowa ya shiga nema wa ɗan uwansa masoyi. Aditi ta samu Sushant, aka yi baiko. Da lokacin rabuwa ya yi sai aka sa Sushant ya mare ta. Shi ke nan, an wanke jarumai, Jai ya hau doki ya nufi filin jirgi muna tafi. Amma Meghna fa, budurwar Jai? Ita ba ta mari kowa ba. Yarinya ce mai ɗauke da damuwar gidansu, ta riƙe Jai da gaske, ƙarshe ta gano cewa ita matattakala ce kawai da ya taka ya gane zuciyarsa.

Haka Love, Rosie na 2014 ya yi: mijin Rosie aka mayar maci amana domin hanya ta buɗe wa Alex. A Bridgerton kuwa Lord Debling mutumin kirki ne da ya zo da niyyar aure, Colin bai tashi farkawa ba sai da ya ga wani na shirin ɗauka. Irin wannan farkawa ai mun san ta a unguwa: yarinya tana gabanka shekara biyar kana ce mata ƙanwata, ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ranar ciwon son ya tashi.

Inda Amurka da Indiya suka raba hanya

Akwai misali mai ban sha'awa a nan. A 1997 aka yi My Best Friend's Wedding. Julia Roberts ta fito a Julianne, wadda ta ji amininta Michael zai yi aure nan da kwana huɗu, sai ta tashi takanas ta je ta rusa bikin. Ta yi ƙarya, ta yi makirci, ta faɗa masa tana son sa. Ƙarshe? Michael ya auri amaryarsa Kimmy, Julianne ta tsaya a wajen biki ta yi musu fatan alheri. Fim ɗin ya yi ƙarfin halin cewa ta makara, kuma makararre ba shi da haƙƙin tarwatsa na wani.

A 2002 kamfanin Yash Raj ya yi nasa mai kama da shi, Mere Yaar Ki Shaadi Hai, da Uday Chopra. Labari kusan ɗaya, sai dai namiji ne ya je rusa bikin. A nan kuwa ango ne ya janye, amini ya tafi da amarya. Dubi yadda labari guda ya ba da darasi biyu masu karo da juna. Kuma wanne muka fi tashi da shi? Na biyun mana, tunda finafinan Indiya su ne abincinmu tun zamanin kaset har zuwa fassarar Algaita.

Ko When Harry Met Sally na 1989, wanda ake ɗauka shi ne gagarabadan wannan layi, da farko ba a shirya Harry da Sally za su ƙare tare ba. Daraktan, Rob Reiner, ya faɗa cewa haɗuwarsa da matar da ya aura a lokacin aikin ce ta sa ya sauya ƙarshen. Wato ko masu labarin sun san cewa a rayuwa ta gaske, aminan da suka shekara goma sha biyu suna zagaye juna sun fi kusa da rabuwa.

Waɗanda suka faɗi gaskiya

Ni a ganina wadda ta fi kowa hankali a duk wannan layi ita ce Aditi ta Yeh Jawaani Hai Deewani, wadda Kalki Koechlin ta taka. Ta so amininta Avi shekara da shekaru, shi ko a jikinsa. Ba ta zauna jira ba. Ta haƙura, ta samu Taran, mutumin da abokanta suke ganin bai kai ajinta ba amma yana son ta tsakani da Allah, ta aure shi cikin farin ciki, kuma abotarta da Avi ba ta mutu ba. Wannan ƙaramin labari ne a gefen na Ranbir da Deepika, amma ya fi babban kama da rayuwa.

Ae Dil Hai Mushkil na 2016 ya so ya faɗi irin wannan gaskiyar, sai ya ji tsoro a hanya. Alizeh ta gaya wa Ayan ƙarara cewa abota ce tsakaninsu, babu ƙari. Shi kuma ya ƙi ji, ya yi ta naci da fushi. Maimakon fim ɗin ya bar ta ta rayu da amsarta, sai ya ɗora mata ciwon daji. Kamar dai macen da ta ce a'a ba ta da wurin zama a labari sai kabari.

Abin da ya shafe mu

Finafinanmu da littattafanmu na Hausa suna da nasu salon wannan labari. Sau da yawa aminin ba ɗan ajinsu ba ne, ɗan uwa ne da suka tashi gida ɗaya, tana ce masa Yaya, yana raka ta har wajen saurayinta, sai daf da biki a ji ya kwanta ciwo. Sauran ka san shi: a tausaya wa Yaya, a ba wa bare haƙuri.

To a fim haƙurin nan na minti biyu ne. A gaske kuwa, a wajenmu aure ba na mutum biyu ba ne. Idan an sa rana, iyaye sun zauna, an haɗa lefe da kuɗin da aka shekara ana tarawa, an fitar da anko, an raba kati. Wanda ya tashi a wannan gaɓa ya ce ai shi tun da can yana so, ba zuciya ɗaya zai karya ba, gida biyu zai haɗa faɗa, kuma yarinyar ce za ta kwashi surutun gari.

Shi ya sa maganar besti take buƙatar gaskiya tun da wuri. Idan kana son ta, faɗa tun babu kowa a layi, ka bi hanyar da ta dace. Idan ta ce a'a, amsa ce cikakkiya, ba wai ta ce ka ƙara ƙoƙari ba ne. Ke ma idan kin san yana son ki kuma ba kya yi, kada ki ajiye shi a matsayin tayar safaya, ana kiran sa idan an yi faɗa da saurayi. Wanda kuma yake neman mai besti, yana da haƙƙin ya tambaya a ba shi amsa kafin ya kai kuɗinsa.

Ba cewa nake a daina kallo ba, ni ma gobe idan aka saka Kuch Kuch Hota Hai zan zauna har ƙarshe. Amma wannan karon idan an zo wajen ɗaurin auren, ku ɗan ɗauke ido daga kan Shah Rukh da Kajol ku dubi fuskar Aman. Sannan ku faɗa mana, a cikin duk finafinan nan, wane na uku ne kuka fi jin an zalunta?