A Fara da Bas, Jirgi Ya Biyo Baya

Duk sa'ad da zaɓe ya matso, sai ku ji masu mulki suna alkawarin za su shimfiɗa ƙaramin jirgin ƙasa a cikin gari. To, kafin ku tafa musu, bari mu duba abin da ya faru a inda aka riga aka gwada.

A Abuja an buɗe irin wannan jirgi a watan Yuli 2018. Ya ci fiye da dala miliyan 800, miliyan 500 daga ciki kuwa bashi ne daga ƙasar Sin. Ina aka kai shi? Daga tsakiyar birni zuwa filin jirgin sama, sai reshe ɗaya daga Idu zuwa wajen Kubwa. Amma leburori da masinjoji da masu sayar da abinci, waɗanda ke kwana a Nyanya da Karu da Mararaba suna sammako kullum, ba su ga ko inuwar dogo ba. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsai da shi, bai sake ɗaukar fasinja ba sai Mayu 2024. Shekara huɗu ke nan yana kwance, bashi kuwa ba ya barci. Wa zai biya? Ni da kai, har da 'ya'yanmu.

Kada wani ya ce mu maƙiyan jirgi ne. Ko kusa. Abin da muke faɗi shi ne kowane abin hawa da aikinsa. Ku tambayi dattawan Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kwashi gyaɗa da fatu zuwa Ikko shekara da shekaru, amma bai taɓa shiga gonar kowa ba. Jakai da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, su ne suka riƙa kawo kaya bakin tasha. Da babu su, da jirgi ya tafi wayam. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Haka abin yake a cikin gari. Babban jirgi na doguwar tafiya ne da kaya masu nauyi, da kwaso mutanen garuruwan da ke bakin dogo. Ƙaramin jirgi kuwa ba ya biyan kuɗin sabulu sai a hanya guda wadda dubban mutane ke bi safe da yamma, har motoci sun kāsa. Amma bas ita ce mai shiga unguwa unguwa. Idan kasuwa ta tashi ta koma wani wuri, gobe sai a juya mata hanya. In ta lalace, makanikinmu na gida zai gyara ta. Dogo fa, inda aka kafa shi nan zai tabbata, ko da mutane ko babu.

Mutanen Ikko sun gwada duka biyun. A 2008 suka keɓe wa manyan bas hanyarsu ta kansu daga Mile 12 zuwa cikin tsibiri, ba mai shiga sai su, aikin kuwa bai kai shekara biyu ba. Jirginsu na Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 kacal, ya haura shekara goma ana gininsa, sai a Satumba 2023 ya fara ɗaukar mutane. Duk tsawon wannan jira, wa ya kai talaka wurin neman abincinsa? Bas ce.

Mu a Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013, wuyanmu yana hannun A Daidaita Sahu. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya tashi, mai ƙaramin jari ya koma yana raba ribarsa da hanya. Mai kai tumatir 'Yan Kaba, da mai sarin atamfa a Kantin Kwari, da mai ɗauko hatsi daga Dawanau, kowa ya san abin da nake faɗi.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema. Na ɗaya, a zuba manyan bas a titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja da na Maiduguri, a keɓe musu gefensu na hanya. Na biyu, a yi musu wurin aza kaya, domin ɗan kasuwa ba ya tafiya hannu rabbana. Na uku, a rubuta kuɗin kowace hanya ɓaro-ɓaro a tasha, kada yaron mota ya ƙara don ya ga hadari. Na huɗu, kada a kori 'yan A Daidaita Sahu, a bar su su riƙa fito da mutane daga lunguna zuwa bakin titi. In aka yi haka, hanyar da bas ta kāsa ɗauke jama'arta, ita ce za ta nuna da kanta inda ya cancanci a kafa dogo.

Duk wanda ya zo muku da hoton jirgi yana neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu uku: ta wace unguwa zai bi, nawa ne bashin, kuma me za mu hau kafin a gama? In ya kāsa amsawa, ku riƙe ƙuri'arku.