Wai Don Na Ajiye Aikin Dala Na Zama Rago?

Ku yi mini afuwa, yau babu Alhaji mai Marsandi a cikin abin da na kawo muku, babu kuma budurwar da aka yi wa auren dole. Wata magana ce aka yaɓa mini a gidan suna, ta tsaya mini a maƙoshi mako uku, na ga idan ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. A Kano nake, ofishina kuwa ɗan ɗakin da ke soron gidanmu ne, babu komai a ciki sai tebur da kujera da fanka da baturan sola. Shekara biyu da rabi na yi ina yi wa wani sabon kamfani na Kaliforniya aiki ta intanet, ana biyana da dala. Bara na ajiye, na koma wani tsohon kamfani a Jamus mai yi wa ƙananan asibitoci manhajar lissafin kuɗi, albashina ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Laifina ke nan. Da wani yayana, ɗan baffana, ya ji labari, sai ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ƙanena, ashe kai rago ne? Kana zaune a ɗaki fanka na kaɗa ka, ana turo maka dala, ka ce ka gaji? Ai kowa ya ci zomo ya ci gudu." Aka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne Yaya," don ba a musu da na gaba a bainar jama'a. Amma wallahi ba haka ba ne.

Na san inda maganarsa ta samo asali. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Daga nan duk wanda aka ce yana karɓar dala ya zama kamar mai rijiyar man fetur a tsakar gida. Ba wanda ke tambayar da me ya saye ta.

To bari in gaya muku da me na saye ta. Tsakanin Kano da Kaliforniya awa takwas ne daga Maris zuwa Nuwamba, awa tara a sauran watannin, saboda su suna juya agogonsu, mu ba ma juyawa. Taronmu na kullum ƙarfe goma na safensu ne, wato ƙarfe shida ko bakwai na yammanmu, daidai lokacin da ake kiran magariba, yara sun dawo daga Islamiyya, uwargida tana zuba tuwo. Su tashi aiki ƙarfe biyar, ni kuma agogona ya nuna ɗaya ko biyun dare. A takardar aiki an rubuta cewa kowa zai yi aiki lokacin da ya so. Gaskiya ne, muddin lokacin da ka so ya yi daidai da lokacin da maigida yake a farke.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan zaman ko-ta-kwana. Duk mako na uku waya tana hannuna, da zarar wani abu ya faɗi a manhajar sai ta yi ƙara, ko da ƙarfe huɗu na asuba ne, kuma cikin minti goma sha biyar ake so ka amsa. Mu uku ne kacal muke karɓa-karɓa. Idan ka ji mutum yana cewa mai aiki daga gida ba shi da ofis, ka gyara masa: ofis ne ya tare a gidansa, ya shiga har ɗakin barcinsa, ba ya kuma tashi. Akwai daren da 'yata ke fama da zazzaɓi, ina riƙe da ita da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kwamfuta, ina ba wani Bature haƙuri a rubuce don na makara da minti ashirin. Bayan wata biyu likita ya auna ni ya ce hawan jini ne, ina da shekara talatin da uku.

Yaya zai ce ai ɗan dako a Kasuwar Singa ya fi ni shan wahala. Ban musa ba, kuma ban haɗa kaina da shi ba. Amma wahalar wani ba ta taɓa zama maganin ciwon wani ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Ba su ce ban da masu zama a kujera ba. A ƙasar Sin, inda aka yi wa wannan bauta suna da 996, wato tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, masu rubuta manhaja ne da kansu suka yi bore a shafin GitHub a 2019. Jack Ma, mai kamfanin Alibaba, ya kira tsarin alheri, amma a 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa doka. Su ma ragwaye ne? Abin da ke ba ni mamaki, masu yi wa ma'aikaci wa'azin kwana a bakin aiki kusan duk masu kamfani ne. Shi idan kamfani ya yi daraja ya zama attajiri. Kai kuwa ranar da kuɗin masu zuba jari ya ƙare, wasiƙa mai layi uku za a turo maka, ka tarar an riga an rufe akwatin saƙonka. Mun gani a 2022 da 2023, lokacin da manyan kamfanonin fasaha suka sallami dubun dubatar mutane, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa kashe waya ba.

Faransa ta yi dokar 'yancin kashe waya bayan tashi aiki tun Janairun 2017, Fotugal ma a 2021 ta hana masu gida damun ma'aikaci a lokacin hutunsa. Sai dai babu ɗaya cikin waɗannan dokoki da ta san da zaman ɗan kwantiragi a Kano. Ba ka da ƙungiya, ba ka da kotun da za ka kai kuka. Garkuwarka ɗaya ce, wato zaɓen da ka yi kafin ka sa hannu, kuma wannan zaɓe ne ake kira ragwanci.

Ni da na tashi nema, taswira na fara dubawa kafin albashi. Jamus agogonsu ɗaya da namu a lokacin sanyinsu, awa ɗaya suke gaba da mu a lokacin zafinsu. Ingila ma tazarar ba ta wuce awa ɗaya. Sannan na daina bin kamfanoni masu ƙyalƙyali. Na koma neman waɗanda ba wanda ke alfahari da sunansu: masu manhajar albashi, masu inshora, masu hulɗa da makarantu da asibitoci, waɗanda kuɗinsu daga abokan ciniki yake fitowa ba daga aljihun mai jari da ke jiran riba ninki goma ba. Aikin ba ya burge kowa, sau da yawa gyaran tsohuwar manhaja ne da aka rubuta tun ina sakandare. Amma ba ya faɗuwa da tsakar dare.

A wurin intabiyu kuma na koyi juya tambaya. Nakan ce: idan abu ya lalace ƙarfe uku na dare, wa ake tasa, mutum nawa ne ke karɓa-karɓa, kuma ana biyansu? Taro nawa kuke yi a mako? Shi wanda ke yi mini tambayoyin, yaushe rabonsa da hutu? Idan ya yi dariya ya ce ya manta, na samu amsata. Idan aka ce "mu nan iyali ɗaya ne," sai in tuna iyali ba sa biyan kuɗin ƙarin lokaci. Idan aka ce hutu ba shi da iyaka, sai in nemi a rubuta mini adadin kwanaki, don abin da ba shi da iyaka a sama yawanci ba shi da ita a ƙasa. Na kuma fi yarda da kamfanin da ke rubuta ƙa'idojinsa, irin yadda GitLab ya baza littafin tsarin aikinsa a intanet kowa ya karanta, don inda aka saba rubuta abu ba a tara mutane taro a kan kowace 'yar magana. Wanda kuwa ya ce zai sa mini manhaja mai ɗaukar hoton allon kwamfutata duk bayan 'yan mintoci, nan take muke sallama.

Ba zan yaudare ku ba, irin wannan aiki ba a tsintarsa a ƙasa. Wata bakwai na yi ina nema. Rabin tallan da ke cewa "daga ko'ina" da ka karanta ƙasa sai ka ga ko'inan bai wuce iyakar Amurka ba. Manyan kamfanoni ma sun fara janye mutane zuwa ofis, Amazon ta koma kwana biyar a mako daga Janairun 2025. Sabon shiga kuma ba shi da bakin yin waɗannan tambayoyi kamar wanda ya shekara takwas yana yi, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ni ma sai da na ci waccan wahala kafin na samu abin nunawa. Filin da na yi niyyar saye a Ɗanbare ma na haƙura da shi zuwa wani lokaci.

Yanzu ƙarfe biyar nake rufe kwamfuta, in kulle soro, in je in ɗauko 'yata daga Islamiyya da ƙafa. Likita ya rage mini magani. Ranar Asabar da ta wuce Yaya ya zo har gida da babban ɗansa, wanda ya gama karatun kwamfuta a jami'a bana, wai in sama masa "irin wancan aikin na dala da ka raina." Na kawo masa ruwa, na ce, "Yaya, sai dai ka fara tambayarsa ko ƙarfe nawa yake so ya riƙa kwanciya." Bai yi dariya ba. Yaron dai ya karɓi lambata.